Bayan Filas ɗin Momi

A gidan hayar da na tashi a Suleja, ɗakin da ke kallon namu na wata malamar asibiti ne, mutuniyar Filato, wadda duk yaran gidan muke kira Momi. Ita kaɗai ke da bidiyo. Ranar Asabar da hantsi, in an kawo wuta, mukan cika tabarmarta muna kallon fim ɗin Chanis, masu dogon gashi suna tashi sama da takubba. Ni a bakin ƙofa nake raɓewa, kuma rabin hankalina ba ya kan talabijin. Yana kan wani jan filas da ke cikin shogilas ɗinta.

Ba a taɓa zuba masa ruwan zafi ba. Kayan shogilas na ado ne, yaro ko gilashin ya shafa sai ya sha ranƙwashi. A jikin filas ɗin an zana budurwa mai faffaɗan hannun riga, tsaye a kan gada, tana miƙa hannu ga wata dabba da ta zagaya ta baya. Wutsiyarta kawai ake gani, mai ruwan zinariya.

A kan wannan wutsiya na kusa cika littafin rubutu guda. Na mai da budurwar 'yar maƙerin takubba a tsohuwar ƙasar Sin. Wani mugun sarki ya kulle ruwan sama a tulu, ta fita neman mai wutsiyar, macijin nan na finafinansu mai gemu da ƙafafu, ya fasa shi. Ban san abincinsu ba, sai na yi mata guzurin doya da manja. Dutsen da ta hau kuwa Zuma ne sak, har da fuskar. 'Yan ajinmu suka dinga karɓa-karɓar littafin a ƙarƙashin benci.

"Ke kurma," in ji wadda muke benci ɗaya, "sati uku kin bar baiwar Allah a kan gada. Ƙafarta ba ta ciwo?"

Na kasa ƙarasawa. A raina ƙarshen labarin yana bayan filas, ni kuma ko gaisuwa da ƙyar take fita a bakina.

Ana haka aka yi wa Momi canjin wurin aiki zuwa Lambata. Ranar tashinta a-kori-kura na ƙofar gida, ita tana naɗe tangaran da tsofaffin jaridu. Ina tsaye har ta ɗauko filas ɗin ta shimfiɗa jarida.

"Momi," na ce, "don Allah a juya mini shi."

Ta dafe ƙirji. "Yesu! Ashe kina da murya? Shekara biyu!"

Ta juya shi. Babu komai sai loɓawa da tsatsa, fentin duk ya kankare.

"A mota ya faɗi lokacin da muka taso daga Jos," ta ce tana dariya. "Shi ya sa nake haɗa shi da bango."

"Mene ne a wurin da?"

"Gaskiya na manta, 'yata. Ko kifi, ko tsuntsu."

Na koma ɗakinmu na zauna a bayan ƙofa da biro. Tunda babu wanda ya sani, sai na ba macijin idon akuyarmu da gemun ladanin unguwa, na sauko da budurwar daga gada kafin la'asar.

Ranar Litinin abokiyar bencina ta karanta, ta miƙo mini littafin ta ƙasa.

"Wannan gemun na san shi," ta ce.