Daudawa ba ta cikin takardar

Har yau ban manta da safiyar da Mushe Abdu ya shigo likitarmu da ƙanwarsa Tsahara ba, riƙe da takarda da aka buga da keken rubutu. Ku 'yan matan da ke koyon aikin jinya kun sha tambayata abin da ya sa na ajiye aiki na zauna gida, ina ce muku aure ne. Aure ne, ban yi muku ƙarya ba. Amma akwai saura, kuma gara ku ji shi tun ba ku fara sa hannu a takardun mutane ba.

Farkon shekarun tamanin ne, kafin babban fari. Na gama kolej a Madawa, aka ɗauke ni mataimakiya a wata ƙaramar likita a ƙasar Buza. A bakin mutanenmu likita ita ce gidan, mutumin kuwa lokotoro ne, kuma mu ba mu da shi, sai an je Madawa. Shugabanmu ma'aikacin jinya ne mai takardar gwamnati, shi ake kira Majo. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke rubuta magani da rahoto. Ni kuma ina dafa allurai, ina wanke miki, ina auna tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, kuma ni ake turawa in yi wa mata bayani don sun fi sakewa da ni. Majo ba mugu ba ne. Mutum ne shi kaɗai a kan ƙauyuka da yawa, yakan wuni a tsaye bai sa komai a bakinsa ba. Abu ɗaya ne ba ya so, a tambaye shi a gaban mutane.

Tsahara ƙyanda ce ta ɗauke mata 'ya'ya biyu cikin mako guda, mijinta yana ci-rani a Abijan. Ta dawo gidan uwarta, Inna Hajo, ta zauna tana kallon bango. Ba magana, ba wanka sai an yi mata, abinci sai an matsa. An yi addu'a, an sha rubutu. Da aka yi hutun makaranta, wanta Mushe Abdu, wanda malamin makarantar boko ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, ya kai ta Yamai. Wani lokotoro ya ce ciwon baƙin ciki ne, kuma yana da magani. Ya ba su ƙwayoyi da wasiƙa zuwa gare mu: mu riƙe ƙwayoyin, mu ba ta na mako-mako, mu auna tansiyonta duk zuwa. Takardar da aka buga ɗin kuwa jerin abincin da mai shan wannan magani ba zai taɓa ba ce, da Faransanci.

Majo ya ɗauka yana karantawa yana juya mana da Hausa. Jan giya. Giyar kwalba. Naman alade da aka cusa a hanji aka shanya. Cukun Nasara mai wari. Kifin teku da aka jiƙa a gishiri. Ya sauke tabarau ya dubi Mushe Abdu.

"Mushe, ƙanwar taka tana ɗan taɓa kwalba ne ba mu sani ba?"

"A'uzu billahi, Majo!"

"To ka kwantar da hankalinka. Wagga takarda ta Nasara ta. Mutanenmu Allah ya riga ya hana musu rabinta, talauci ya hana musu sauran."

Suka yi dariya. Ya miƙo mini takardar ya ce in je in gaya wa tsohuwar, Inna Hajo, da ke jiransu a waje. Ina tafe ina dubawa, sai na ga layi na ƙarshe da bai karanta ba, da ƙananan baƙaƙe: da duk wani abinci da aka bari ya ruɓa ko ya tsufa da gangan. Na tsaya. Ni 'yar mai daudawa ce. Na tashi ina ganin kakata tana dafa 'ya'yan yakuwa, ta rufe su a tukunya kwana biyu, uku, har warinsu ya kori kaji daga tsakar gida, ta daka, ta sake rufewa, kafin ta dunƙula ta shanya. In wannan ba ruɓarwa ba ce, ban san mece ce ba. Na koma, na yi kuskuren yin magana Mushe Abdu yana zaune.

"Majo, daudawa fa?"

"Daudawa mi?"

"Ita ma ruɓar da ita akan yi. Ga shi nan an ce..."

"Rabi, kin ga daudawa cikin takardar ga?"

"A'a, Majo."

"Wanda yar rubuta ta shekara nawa yay yi shina karatu? Ke nawa kinka yi? In munka hana ma mutanen ga daudawa, da mi za su yin miya, da ruwan rijiya? Sai su aje maganin su koma ga boka. Tahi ki yi abin da anka sa ki."

Majo kullum yana cin daudawa a miyarsa, amma na tabbata bai taɓa tsayawa inda ake yin ta ba. Haka Mushe Abdu. Wanda ya buga takardar kuwa ƙila ko sunanta bai taɓa ji ba. A cikinmu duka ni kaɗai na san abin da ke cikin tukunya, kuma ni ce mafi ƙanƙanta. Na fita da zafin kunya a fuskata, na sami Inna Hajo a gindin bedi, wato darbejiya, na ce mata an ce kada Tsahara ta sha giya, kada ta ci alade.

Tsohuwa ta dube ni tun daga kai har ƙafa. "Ɗiyata, gidan wa kinka ga ana haka?"

Na ba ta haƙuri, na ce doka ce in faɗa. Abin da na gaya mata ke nan, ban ƙara komai ba.

Duk Alhamis suke zuwa. Makon farko da na biyu babu wani canji, tansiyonta ma ƙasa-ƙasa yake. A na uku na gaishe ta, ta amsa. A na huɗu ta zo da sabon kitso. Ina ɗaura mata abin awo a hannu ta dube ni ta ce, "Rabi, ke har yanzu ba a kawo goronki ba? Ko samarin garin ga makafi na?" Inna Hajo ta rufe baki da gyale tana kuka tana dariya. Ni ma sai da na juya baya na share ido. Majo ya duba awon, ya ce, "Sha biyu, lahiya lau. Ina daudawar taki, lokotoro Rabi?"

Na yi murmushi, na ce a raina ashe shi ke da gaskiya. Na ɗauka wata guda ke nan tana cin miyar gidansu ba abin da ya same ta. Ban tambaya ba. Da na tambaya, da na ji cewa tun da ta dawo daga Yamai kunu ne kawai da 'yar fura ke shiga cikinta, ko loma ɗaya ta tuwo ba ta kai baki ba.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar, aka shigo da ita a kan amalanken jaki. Ta riƙe ƙeyarta da hannu biyu tana cewa kanta zai fashe. Gumi ya jiƙe ta, jini yana zuba ta hanci, ta yi amai a hanya. Na auna na ga ashirin da huɗu. Na ɗauka ni ce na rikice, Majo ya karɓa ya auna da kansa, sau biyu. Ya yi mata abin da muke da shi, wanda ba shi da yawa. Ba mu da motar marasa lafiya. Ya fita da gudu, da farar rigarsa, ya tare motar wani ɗan kasuwa da ke shirin komawa Madawa, ya sa aka sauke buhunan albasa aka shimfiɗa ta. Ya ce in bi su, shi ba zai iya barin likita ba kowa ba.

A bayan motar nan, kan Tsahara a cinyata, Inna Hajo ta ba ni labari, don ita ma neman dalili take yi.

"Lahiyarta lau tat tashi, wallahi. Ita da bakinta tac ce mini, Inna, tuwo nike so. Wata nawa ina jiran wagga magana! Ni da kaina nid daka, ban bari kowa ya taɓa ba. Miyar kuka niy yi mata, inda nike sa daudawa ɗaya nis sa ukku, don ta ji daɗin bakinta. Naman layya da na ɓoye mata tun salla, nif fiddo. Da wani tsohon cuku da Buzun marigayi maigidana yab bar muna, ta ce tana marmari, nib ba ta. Ta ci, ta ƙara, har tana suɗe hannu. Ko sammu ne, ɗiyata? Ko wani yag gan ta ta miƙe bai so ba?"

Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina ina tofa wa Tsahara. Kafin mu hau kwalta na ga bakinta ya karkace, hannunta na dama ya saki nawa.

Lokotoron Madawa ya karɓi kwalbar ƙwayoyin ya duba, tambayarsa ta farko ita ce me ta ci. Da na lissafa masa, ya rufe ido. Ya yi mini bayani a tsaye, kuma shi ne bayanin da ya kamata a ce mun samu tun farko. Akwai wani abu da ke taruwa a cikin abincin da ya ruɓa ko ya daɗe a ajiye. Jikin mai lafiya yana narkar da shi ba tare da ya sani ba. Wannan irin magani yana tsayar da abin da ke narkarwar, sai ya shiga jini ya harba tansiyo sama cikin sa'a guda ko biyu. Ya ce ba zai iya rantsewa wanne ne cikin ukun ba, ƙila haɗuwarsu ce. Ya tambaye ni, "Ba a gaya musu ba?" Na ce an ba mu takarda. Ya juya ya koma kan Tsahara.

Tsahara ta rayu. Gefenta na dama ya mutu, maganarta ta koma kalma biyu ko uku. Aka tsayar da maganin, baƙin cikin ya dawo ya same ta a kwance. A shekarar babban farin nan ta rasu.

Ƙa'ida ce duk wanda aka tura Madawa a irin wannan hali a rubuta rahoto zuwa sama. Bayan kwana uku Majo ya kira ni ofis ya ce in zauna in rubuta, don hannuna ya fi nasa kyau. Yana faɗa ina rubutawa, har muka zo inda ya ce: mara lafiya ba ta kiyaye dokar abincin da aka bayyana wa danginta ba. Na ɗaga kai. Yana kallon taga.

"Rubuta, Rabi. Mun karanta musu takarda ko ba mu karanta ba?"

"Mun karanta, Majo, amma..."

"To ina ƙarya a ciki? In anka ɗauke ni daga nan, wa za a kawo muku? Shekara za ku yi ƙohwar ga tana kulle."

Wataƙila ma gaskiya ya faɗa game da ƙofar. Na rubuta. Ya sa hannu ya buga hatimi. Da Mushe Abdu ya zo neman bayani, wannan rahoton aka nuna masa, ya karanta da idonsa, ya tafi gida ya sami uwarsa.

Bayan mako guda ina wanke kwanonin aiki a bayan likita, sai ga Inna Hajo. Ta rame kamar ita ce ta yi jinyar. Ba ta zauna ba.

"Ɗiyata, Abdu ya ce kun hana, ni ce ban ji ba. Kunnena ya tsuhwa, ba ni musu. Don girman Allah ki hwaɗa mini, ran nan gindin bedi, kin ce daudawa?"

Na ce, "Ban ce ba, Inna. Na san ya kamata in ce, ban ce ba."

Ta ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai. Amma ki hwaɗa ma Abdu."

Na faɗa masa. Na same shi a ƙofar makaranta na gaya masa duk yadda aka yi, na tuna masa cewa yana zaune lokacin da na yi tambayar. Ya ce shi bai tuna ba. Ya ce na ji tausayin tsohuwa ne, kuma ya gode, amma shi abin da hukuma ta rubuta ta buga wa hatimi ya gani. Majo aka yi masa canjin wuri bayan shekara biyu, da ƙarin girma. Ni ban kai lokacin ba, da aka kawo goron nawa na karɓa na tafi.

An ce mini yanzu ba a cika ba da irin wannan magani ba, akwai waɗanda ba su da wannan doka. Alhamdu lillahi. Amma takardun da ake aiko muku har gobe daga nesa suke zuwa, kuma wanda ya rubuta su bai san abin da ke kan murhun gidan da za ku shiga ba. Ku kuka sani. In kun ba mutum magani, ku tambayi mai dafa masa abinci me ta dafa jiya, da me za ta dafa ranar da ya ce yana jin yunwa. In babba ya kunyata ku a kan tambaya, ku haɗiye kunyar ku koma ku sake yi in ya keɓe, ko ku je ku gaya wa masu jinya abin da kuke tsoro. Ni shekarata ashirin, na zaɓi kada a sake yi mini dariya.

Inna Hajo ta yafe mini a tsaye, ban ma roƙa ba. Ɗanta kuwa har ta koma ga Allah bai sake cin abin da ta dafa ba, kuma dalilin da ya riƙe, da hannuna aka rubuta shi.