Bakin Hure Unguwarzoma

A Gafasa ba a yi unguwarzoma kamar Hure ba. In jariri ya faɗo shiru, jiki saɓule, sai ta kafa bakinta a hancinsa ta zuƙe majinar, ta tofar, ta hura masa iska har ya tsanyara kuka. Tun kafin Turawa su tafi take wannan aiki.

Abu ɗaya ke gare ta. In zazzaɓi ya kayar da ita, ko rana ta dake ta a gonar gyaɗa, sai leɓenta ya yi ƙaiƙayi, ya feso ƙananan ƙuraje masu ruwa. Kwana goma sun bushe. Wa zai damu?

Shekarar da aka gama yaƙin basasa ta je ɗakin shan magani a Gaya saboda ciwon gwiwa. Ma'aikaciyar ta dubi leɓen, ta tambayi sana'arta, sai ta ajiye kwalbar da ke hannunta.

"Iya, ruwan ƙurajen nan ana ɗaukarsa. Ba ya yi wa babba komai, jariri kuwa yana iya kashe shi. In sun fito, kada bakinki ya taɓa ɗan kowa."

"Ke 'yar nan, sa'anninki nawa na yanke wa cibiya?" in ji Hure tana dariya.

A hanyar gida dariyar ta ƙare. Ta tuna ɗan Kabo, ta tuna 'yar gidan Inuwa. Da bakinta ta tashe su, da ƙuraje a jiki suka koma bayan suna. An ce iska ce. Ba ta gaya wa kowa ba, don iyayen nan da ita rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa.

Da kaka ta zagayo, Hansai matar ɗanta ta durƙusa da hantsi. Jiya-jiya leɓen Hure ya sake feso ƙuraje. Yaro ya faɗo, namiji, ko motsi babu.

"Yaya Hure, sa baki mana!" in ji Talatu maƙwabciya. "Yau kuma ƙyanƙyami kike, a kan jikanki?"

Talatu na nan gwiwa da gwiwa da ita, bakinta lafiya lau, ta kuma sha ganin yadda ake yi. "Ke yi" kawai Hure za ta ce mata. Amma sai a tambayi dalili, kuma matar Kabo tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwan zafi.

Hure ta sunkuya. Yaron ya tsanyara, aka rangaɗa guɗa. Ta gaya wa kanta ai babu lokaci ne.

Ran kwana shida, ana dakan hatsin suna, ya ƙi kama nono. Hure tana yi masa wanka ta ga ƙuraje uku a gefen hancinsa, cike da ruwa.

"Inna, lafiya? Me kika gani?" Hansai ta tambaya daga kan gado.

"Ƙurajen zafi ne," in ji Hure. Ta ja zane ta rufe masa fuska.