Zanen Aro Ya Kai Ni Bayan Minista

Yaya Hawa, yau na zauna a bayan minista, da 'yata Sadiya goye a bayana.

Tun safe jikinta da zafi, na ce bari in kai ta asibiti. Zannuwana duk a jiƙe, sai na ari na maƙwabciyata, irin wanda matan kasuwa suka yi na ƙungiya. Trotro, motar hayar da na shiga, ya tsaya, wai an rufe titi saboda manya. Na sauka, na ga mata da irin zanena suna tafiya. Na bi su, na ɗauka hanyar wucewa ce. Muka isa wata ƙofa, sojan da ke gadi zane ya duba, bai dubi fuska ba. Ya ce, "Maame, iyaye mata, ku yi sauri."

Sai ga rumfa da kujeru da tuta, aka zaunar da mu a bayan minista. Aka rufe ƙofa. Wata ta ce ba mai fita sai an gama jawabi. Na taɓa wuyan Sadiya, zafi ya ƙaru. Ta fara kuka.

Wani mai kwat ya sunkuyo, ya ce, "Madam, ina katinki?" Na miƙa masa katin asibiti. Ya ce, "Wa ya bar ki kika shigo?" Na ce, "Yaranku." Sai gumi ya karyo masa. Ya fitar da mu ta bayan rumfa, ya sa direba ya kai mu asibiti a motar gwamnati.

An yi mata allura, tana barci yanzu. Direban ya ce in an tambaye ni, in ce yau ban bar unguwarmu Nima ba.