Rumfar da Wani Ya Kafa Maka

Samari, ni ɗan Sabo ne, Sabon Ibadan, a nan aka yanke mini cibi. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka ku bar shi. Kafin in lalace babu mai nuna ni ya ce ga mugun yaro. Ni mutumin gida ne, fita ba ta dame ni ba. Makaranta kuwa mun rabu da ita tun ina firamare, ba faɗa ba tashin hankali.

Yayata Asabe ita ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. Mijinta direban babbar mota ne, shi ma Allah ya karɓe shi a hanyar Arewa, ta zauna tana toya waina a zauren gidanmu. Wainar Yaya a lokacin, wallahi har Yarbawan Mokola suna tsallakowa saye. Ni aikina in zauna kusa da tanda in ci ta farko, in saurari hira. Allah ya ba ni kunne. Ko a ɗaki nake, daga jan silifa nakan san wace ce ta shigo, kuma abin da aka faɗa a gabana sau ɗaya ya zauna ke nan. Yaya takan ce, "Auta, da kunnen nan naka hannu ne, da ka gina mana bene."

A shekarun tamanin ɗin nan, 'yan kasuwar Bodija da na Shasha sukan haɗa hannu bayan babbar Sallah su ɗauko makaɗa daga Arewa, masu kalangu da masu goge da zabiyoyi. A wani fili ake yin wasan can bayan Ojoo, kwana da kwanaki. Wurin da nisa, mota kuma ta yi wuya, saboda haka a can ake kwana. Kwanan kuwa iri biyu ne. Ko ka ɗauko tabarmarka da tsofaffin buhuna da gora ka kafa rumfarka a zangon mutanen Sabo, ko ka kama rumfar tamfol wadda aka riga aka kafa a gefe guda, da katifa da fitilar ƙwai, kai dai ka zo ka ajiye jaka. Mai waɗannan rumfuna wani mutum ne da ake kira Sale Tamfol.

Shi ya tare ni wata rana a zauren Yaya. Ya ce, "Mai Kunne, zaman tanda ba zai yi maka aure ba. Zo ka taya ni kafa rumfa, ko kai ba ka son canji?" Na bi shi. Ya koya mini kafa turke da jan igiya. Amma a bayan kowace rumfa, can ƙasa wajen kusurwa, ya nuna mini wani ƙulli daban, wanda ja ɗaya daga waje yake warware shi. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Don iska." Na san ba iska ba ce, amma na yi shiru, kuma daga shirun nan komai ya fara.

Abin da na fara ɗauka kwalbar turare ce. Da la'asar ne, kiɗa ya yi zafi, kowa ya ruga wajen liƙi. Na ja igiya, na zura hannu, na mayar da ƙulli. Sale ya gan ni, ya yi dariya ya ce, "Barka da shigowa." Shekara ta zagayo na ɗauki rediyo. Daga nan agogo, takalma, kaset, duk abin da hannu ya kai.

Daga baya aikina ya zama biyu. Kafin wasa nakan bi zauruka ina zuga mutane. "Haba Alhaji, kai da girmanka ka kwana a ƙarƙashin buhun albasa? Ka tashi kana wari, maroƙi ya rasa ta inda zai fara yabonka?" Sai Alhaji ya gyara hula ya ce a ajiye masa tamfol. A fili kuma nakan zagaya bayan rumfuna kamar mai duba turaku, ina saurare. Tamfol ba bango ba ne. In mutum ya ce wa matarsa, "Tura shi ƙarƙashin katifa," da ni yake magana bai sani ba.

Ku lura da wani abu. Ban taɓa sata a zangon masu buhu ba, kuma ba tausayi ya hana ni ba. Ba ta yiwuwa ne. Can rumfa jikin rumfa ce, wannan ta ari wuƙa, waccan ta ari gishiri, tsofaffi suna zaune ba sa zuwa rawa. Ka gifta sau biyu, sai ka ji, "Kai ɗan gidan wa ne? Wa kake nema?" Sashen tamfol kuwa kowa baƙon kowa ne, kowa yana ji da kansa, ba mai tambayar wani. In an yi sata, Sale ya fi mai kayan kuka, ya ɗora wa yaran gari.

Abin da ya kama ni leshi ne. Hajiya Tasalla, babbar dilar albasa a Shasha, ta zo da wani leshi ruwan goro, ba a ɗinka ba, za ta yafa wa zabiya ranar rufe wasa. Na ji tana faɗin inda ta ajiye shi, na ɗauke. Wannan karon ban kai wa Sale ba. Na ce Yaya ta yi mini wahala, ban taɓa sa mata ko ɗankwali ba. Na kai mata na ce a kasuwar Gbagi na saya da ladan aikina. Ta rungume shi tana hawaye tana sa mini albarka.

Ni namiji ne, ban san cewa a Sabo tufafin mace yana da tarihi ba. Yaya ta ɗinka, ta saka zuwa wani suna, gida cike da mata. Goggo Ladi dillaliya, wadda take shiga gida-gida da ƙunshin kaya, ta kama gefen zanen ta juya. Ita ta sayar wa Hajiya Tasalla shi, kuma ta san inda dutsen guga ya ɗan lashe shi. Ta ce, "Asabe, wannan ai na Hajiya ne da aka sace a fili." A gaban kowa. An ce mini Yaya ba ta ko ɗauki takalminta ba, haka ta dawo gida.

'Yan sanda suka zo suka tafi da ni, yara na bin mu suna "Ole! Ole!", wato ɓarawo da Yarbanci. Sale ya ce shi lebura kawai ya ɗauka, bai san halina ba. Na yi niyyar faɗin zancen igiya a kotu, sai ya aiko mini da saƙo cewa in tuna Yaya ita kaɗai take kwana a gida. Na haɗiye maganata. Alƙali ya tura ni gidan yari.

Ba zan cika ku da labarin ciki ba. Ƙwarƙwata, wake da tsakuwa, bokiti ɗaya na mutum da yawa. Damina ta same ni a ciki, ta tafi, ta sake dawowa. Yaya ta zo duba ni sau ɗaya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Auta, ƙulluna yana tsami a roba. Ba mai aikowa." Matan Sabo sun yanke cewa da saninta, ita ke ɓoye mini kaya. Ranar na fara sallah ta gaskiya, ba ta ganin ido ba.

Da na fito, a farkon shekarun casa'in, na tarar zaurenmu ba toka ba hayaƙi. Yaya ta koma tashar Ojoo tana sayar wa matafiya, mutanen da ba su san sunanta ba. Kullum da asuba ta ɗora tanda a ka ta nemi motar haya ta danfo, mace mai shekaru. Na samu dako a Shasha. Na roƙe ta gafara ta ce ta yafe, amma na san yafiyarta ba za ta dawo mata da masu saye ba. Ni na ɓata sunan, ni ya kamata in wanke shi.

Wasa ya matso. Na tara tsofaffin buhuna na wanke, na ɗinke su da basilla, na sari gora. Na ce, "Yaya, bana za ki toya waina a fili, a tsakiyar zango." Ta ce, "Ka haukace? In je su kalle ni?" Na ce, "Su kalle ki. Ni ma akwai abin da zan nuna musu." Sai ta ce in wanke mata tanda.

Da hantsi ranar farko na gama kafa mata rumfa. Ta hura wuta, waina ta fara ƙamshi, mata suna wucewa suna kau da kai. Can sai ga Hajiya Tasalla ta sauko daga mota da jakunkunanta, Sale yana gabanta yana washe baki, "Hajiya, ekabo, sannu da zuwa! Taki na can na sa sabuwar katifa." Har yanzu yana sana'arsa, tunda kowa ya ɗauka an kama ɓarawon an huta.

Na tare gabanta na durƙusa. Ta ce, "Kai! Ashe sun sako ka? Matsa mini, kada jakata ta bi ka." Aka yi dariya. Na ce, "Hajiya, kin yi gaskiya. Amma kafin ki kwana a rumfar can, ki zo ki ga ƙofar da ba ki biya kuɗinta ba." Sale ya ce, "Ku rabu da shi, gidan yari ya taɓa masa kai." Wani dattijo mai sayar da doya ya ce, "To mu je mu ga haukan."

Jama'a suka biyo ni har bayan rumfar Hajiya. Ban tabbata Sale bai canja ƙullin ba. Na sunkuya na ja igiya sau ɗaya. Tamfol ya buɗe, ga sabuwar katifa tana kallonmu. Na matsa ta gaba na ja. Ta buɗe. Na bi layin nan gaba ɗaya ina ja suna buɗewa, har da wadda wani Alhaji ke ciki yana canja wando, ya ƙwalla ihu yana salati. Mutane ga dariya ga fushi. Da aka waiwaya neman Sale, sai takalminsa ɗaya. Matasa suka cim masa wajen titi, dattawa suka hana a doke shi, aka miƙa shi ga hukuma.

Ni kuwa na hau kan turmi na ɗaga murya. Na ce, "Jama'ar Sabo, ni na saci leshin Hajiya, ta wannan ƙofa. Ni na yi wa Yayata ƙarya na ce saye na yi. Wallahi tallahi ba ta sani ba. Ni na ci hukuncina na fito, ita kuwa da ba ta yi komai ba har yau tana cikin nata. In za ku tofa yawu, ga ni."

Goggo Ladi ce ta fara magana. Ta ce, "Ni dai zane na gane, ban ce na ga zuciyarta ba." Hajiya Tasalla ta harare ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ɓarawon kirki, ka iya kafa rumfar da ba ta da ƙofar baya?" Na ce na iya. Ta ce, "To kwashi kayana. Jikin ta Asabe nake so." Ta taka da ƙafarta har gaban tanda, ta zauna a kan tabarma ta ce, "Asabe, zuba mini mai zafi, ki cika miya. Na yi kewar hannunki, girman kai ne ya hana ni aikowa."

Kai, ranar nan! Kafin azahar ƙullu ya ƙare, aka sake jiƙa shinkafa. Matan da suka kau da kai da safe su ne ke faɗa a kan layi. Na kafa rumfuna har hannuna ya yi kanta, duk wanda na kafa wa sai na zagaya da shi baya ya ja igiyar da kansa. Da muka dawo Sabo, Yaya ba ta sake komawa tashar Ojoo ba. A zaurenta ta ci gaba da toya waina har ƙarfinta ya ƙare, kuma da ta rasu, layin jana'izarta ya kai bakin titi.

Yanzu sana'ata ke nan, kafa rumfa a biki da suna da wasa, in na gama in dawo gida in zauna. In kun tambaye ni wacce za ku zaɓa, ba zan ce ta tamfol haramun ce ba, tana da daɗi, kuma akwai masu yin ta da amana. Amma in ka kama wadda wani ya kafa maka, zagaya bayanta ka taɓa kowane ƙulli da hannunka. In kuwa za ka iya ɗaukar buhunka, je ka kwana cikin mutanen da suka san sunan uwarka, ko da za su dame ka da aron wuƙa.

Babbar maganata kuma ita ce wannan. Ranar da wani ya nuna maka abin da ka san ba daidai ba ne, kada ka yi shiru don kana son aikin. Ni lokacin da nake zura hannu na ɗauka kaina kawai na sa a haɗari. Ashe akwai wadda take tashi da asuba dominka, kuma ita za a fara nunawa da baki. Kafin ka taɓa kayan mutane, ka tuna fuskarta. Ni Allah ya ba ni ranar da na wanke tawa a gaban jama'a tana raye tana ji. Ba kowa ke samun wannan ranar ba.