Ƙara-Wuta da Kwamfutar Yaya Mashkura

A fadamar Goronyo, in ka ji injin ban-ruwa yana kururuwa kamar an taka masa wutsiya, to ya bi ta hannun Almustapha. Shekara ashirin yana gyaran injuna a bakin hanyar gulbi, kuma ra'ayinsa ɗaya ne: duk wanda ya ƙera inji ya ɓoye rabin ƙarfinsa don rowa, aikin makanike ya tono wannan rabin. Shi ya sa ake ce masa Ƙara-Wuta. Babur ɗinsa ma ya sha gyara, har wata rana sai da ya wuce gidan surukansa a Rimawa sau biyu kafin ya samu ya tsaya.

Yana da wata al'ada kuma. In inji ya gagare shi, sai ya shimfiɗa tabarma, ya kwance shi kaf, ya jera kayan bi da bi, ya tafi salla, ya dawo ya mayar. Kullum sai noti ɗaya ya yi saura. Yana da gwangwanin madara cike da su.

Mutum ɗaya yake tsoro a duniya, yayarsa Mashkura mai shagon buga takardu a gefen kasuwa. Ita ta goya shi, kuma ba ta bari ya manta.

Ran wata Talata za ta tafi suna Wurno, ta ba shi makullin shago ya duba mata janareto.

"Janareto kaɗai, Almu. Katin bikin ɗiyata Raihana na cikin kwamfutar ga, sati biyu ina tsara shi, kuma babu shi ko'ina sai nan. Da la'asar in na dawo zan buga. Ka jiya?"

"Na jiya, Yaya."

Janareto bai ɗauke shi minti goma ba. Sai ya kunna kwamfutar don ya ga ko wuta na kaiwa. Ya zauna yana jira ta farka, ya fasa goro, ya cinye, ba ta gama miƙa ba. Abin ya sosa masa rai. A wayarsa ya samo bidiyon wani mutum mai magana da harshen da bai ji, amma yatsu ai kowa na jin su. Ana danna maɓalli tun tana tashi, sai wani shuɗin shafi ya fito, a ciki akwai lambar gudun ƙwaƙwalwarta. Mutumin ya ƙara kaɗan, cikin tsoro. Almustapha ya yi masa dariya, ya ninka lambar biyu.

Allo ya yi baƙi. Fanka ta yi gurnani, akwatin kwamfutar ya yi ƙara sau uku, shi ke nan. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna.

Ana haka sai ga Mode, manomin albasa, abokinsa tun na yarinta, ya biyo sawunsa da fasasshen tiyo a kafaɗa.

"Mi ya samu injin Hajiya?"

"Ba ya tashi."

"Ina igiyar ja?"

"Ba shi da igiya, Mode."

"To iska ya sha. Ɗura mai ruwa, kamar yadda kake ma nawa."

Almustapha ya ɗauki buta da gaske. Abin da ya ceci katin Raihana shi ne ramuka sun yi yawa a bayan akwatin, suka kasa daidaitawa kan wanne ne bakin. Sai suka jiƙa buhu suka lulluɓa mata ta huce, Mode yana yi mata fifita da hularsa. Suka sake kunnawa. Ƙara uku, baƙin allo.

"Mutuwa dai ta yi," in ji Mode. "Ina da ƙane a Boyekai, ka iya ɓoyewa can har a yi biki a watse."

Almustapha ya jawo tabarma. Ya kwance akwatin, ya jera fanka, ya jera wasu korayen sanduna biyu bayan ya hure musu ƙura, ya nemi fulogi bai gani ba. A tsakiyar allon wayoyi ya ga wani ɗan batir mai kama da kwabo, ya ɓamɓaro shi da farce ya ajiye a layi. Aka kira azahar. Ranar har liman ya fita ya bar shi yana addu'a.

Da ya dawo ya mayar da komai, noti ɗaya ya yi saura, ya jefa aljihu. Ya danna. Ƙara ɗaya tak, allo ya yi haske, kwamfuta ta shiga miƙarta ta dā, a hankali kamar tsohuwa. Bai san wannan ɗan batir ne ke riƙe mata lambar da ya sa ba, da aka cire shi ta manta. Shi dai ya ce wa Mode tabarma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Da la'asar Mashkura ta sauka. Ta buɗe, kati na nan lafiya. Almustapha ya fara lallaɓawa wajen ƙofa.

"Almu, wace shekara muke?"

"Mi ya kawo wanga tambaya, Yaya?"

Ta nuna kusurwar allo. "Kwamfuta ta ce yau ɗaya ga Janairu, dubu biyu da goma. A shekarar nan Raihana ba ta fara famfara ba. Wa zan aurar?"

Ya dubi Mode. Mode ya dubi tiyonsa. Ta miƙa tafin hannu.

"Ba ni notin."

Ya zaro ya ba ta. Ta ɗaure shi da kanta, ta gyara kwanan wata, ta zaunar da shi kan tabarmar ya naɗe kati ɗari uku. Injin bugawa na fitar da su ɗai-ɗai, yana hutawa tsakani. Almustapha ya karkata kai yana sauraren sautinsa.

"Ko kallonai kada ka yi," in ji Mashkura.