Rantsuwa Uku a Hanyar Gwanja

A shekarun tsuke bakin aljihu, Hajiya, mahaifiyar babana, ta zo mana unguwarmu Gorton, a ƙasar Turawa, da bizar wata shida. Gas ya yi tsada, hita ɗaya ake kunnawa, a falo. Bayan magariba ni da ƙannena mukan zagaye ta, Hajiya ta miƙe ƙafafu tana mitar wutar da ko masara ba za ta gasa ba. Baba yana gefe, yana haddar rantsuwar da zai yi wa Sarauniya a ofishin council, wato ƙaramar hukuma, kafin a ba mu jan fasfo na zama 'yan ƙasa.

Ganin haka ya sa ta kawo labarin Tanko, wani kakanmu bafatake, tun kafin jihadi. Ya tashi da jakunansa zuwa Gwanja sayen goro, ɗauke da takardar sarkin garinmu mai hatimi. A wata ƙasa da ke gaba da mu aka yage takardar, aka ajiye masa Alƙur'ani, ko ya rantse shi mutumin sarkinsu ne, ko ayarinsa ya koma. Ya rantse. Gaba ma haka, har sau uku. Da ya dawo bayan shekara biyu, labari ya riga shi, sarkin ƙofa ya hana shi shiga. A bayan ganuwa ya yi bukka, matarsa ta fito da yara ta same shi, can ya rasu.

Haushi ya kama ni. "That's not fair, Hajiya."

"Faɗi da Hausa in ji."

Baba ya ajiye takardarsa. "Hajiya, nawa fa formality ne kawai."

"Tanko ma abin da ya gaya wa matarsa ke nan."

A lokacin na ɗauka tsokanar Baba take yi. Ina jami'a, ina zaune a unguwar Selly Oak, ita kuma ta daɗe da komawa gida, aka kira cewa an kwantar da ita a asibiti. Koren fasfona ya daɗe da ƙarewa, ban kula ba. Sai ga ni ina cika takardar neman biza zuwa garin da aka haife ni, ana tambayata wa ya gayyace ni. Ranar sadakar bakwai na isa.

Har yau ban ga laifin Tanko ba, ban ga na Baba ba, kuma haushin bai tafi ba. Ina ganin tsoro Hajiya take ji kada wata rana mu nemi izini kafin mu zo wurinta. Jami'in da ya duba fasfona a Kano ya yi mini ta'aziyya da Hausa, sannan ya buga mini kwana talatin.