Goron da na ɓoye a bayan filin besbol

Ni da ko taba ban taɓa sawa a bakina ba, ni aka kai ƙara kan shan ƙwaya. A Kuala Lumpur kuma, inda ba a wasa da wannan maganar ko kaɗan.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku, ina zaune a unguwar Danau Kota. Maƙwabcina ɗan Koriya ne ya ja ni wasan besbol wata Asabar, don ƙungiyarsu ta ɗalibai ta rasa mutum ɗaya. Na ce masa ban san komai ba. Ya ce za a jefo ƙwallo, in make ta da gora, in ruga, shi ke nan. To ni da na tashi da faskaren itace a gidanmu a Kano, ai duka ba baƙona ba ne. Ƙwallon farko da na samu sai da aka shiga lambun mutane nemanta. Wallahi har na isa gida ina dariya ni kaɗai, mutum da tumbinsa da furfurarsa ya wayi gari gwani.

Kafin wata biyu abokaina Hausawa uku sun mayar da filin wurin hirarsu. Ba su san dokar wasan ba, ihu kawai suke: "Malam, make ta! Kada ka raga mata!" Ban taɓa jin daɗin zaman ƙasar ba kamar a waɗannan Asabar ɗin.

Ana haka wani matafiyi ya zo mini da ƙullin goro daga gida, fari, manya, ɗanye shataf. Wanda ake samu a can ya bushe kamar tsakuwa. Na kuma san mutanena, in suka ƙyalla ido a zama ɗaya za su ga bayansa. Sai na riƙa zagayawa bayan wata babbar bishiya kafin layina ya zo, in kwance jiƙaƙƙen ƙyalle, in gatsa, in dawo baki a rufe. Rowa ce, ba sai an gaya mini ba.

A wannan kakar, duk shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi masu abinci, da ka shiga shan shayi, talabijin na nuna manyan 'yan besbol na Amurka da ake zargi da allurar ƙara ƙarfi. Kocin ƙungiyar da muka fitar a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ɗalibai, wani dattijo ɗan Japan, ya sa abin a ransa ƙwarai. Ashe ya ɗauke ni hoto a bayan bishiya ina tura abu a baki, bayan nan kuma na aika ƙwallonsu waje. Ya kai wa kwamitin gasa.

Da takardar tuhumar ta iso ni, raina ya ɓaci. Ni? Ɗan malamai? In aka yarda da shi za a kore ni, a soke nasararmu, a rubuta wa jami'a. Sunana ke nan ya lalace har Kano, don irin wannan labarin ba ya jiran jirgi.

Aka sa zama ran Lahadi da hantsi a wani gidan abinci a unguwar Brickfields. Shugaban kwamitin, wani Bamale, wato ɗan asalin ƙasar, mai sanyin magana, ya ajiye hoton a gabana. Abokaina uku na bayana, sun zo shaidar halina, har babban cikinsu ya riga ya rantse cewa ba ni da abin ɓoyewa.

Shugaban ya ce, "Me ke cikin ƙyallen nan?"

Nan fa kunya ta kama ni. Ba kwamitin nake jin kunya ba, na bayana nake ji. Na zaro ƙullin daga jaka, na kwance a kan tebur.

Babban abokin nan nawa ya dafe kai. "La ilaha illallahu! Malam, goro? Fari ma? Wata biyu muna tsage maƙogwaro a kanka, kana bayan bishiya kana ci kai kaɗai?" Ya juya wajen shugaban ya ce shi ya janye shaidarsa, a hukunta ni kawai. Sauran biyun suna ta dukan tebur don dariya.

Shugaban ya ɗauki ɗaya, ya sansana, ya ɓantara. Ya ce, "Wannan ai ɗan'uwan abin da kakata ke taunawa ne. Ina ka samo?" Na ce mahaifiyata ce ta aiko.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɓara, na bi kowa da shi, har mai kawo shayi. Dattijon ɗan Japan ya karɓa da hannu biyu, ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, amma bai tofar ba. Na miƙa masa ruwa, ya kurɓa, ya zaro ido don zaƙin da ya biyo baya. Ya miƙe ya rusuna mini sosai, ya ce ya zalunce ni, tun da gwaninsa na ƙuruciya ya ba shi kunya da allurar nan ya daina yarda da duk mai ƙarfin duka. Tausayinsa ya kama ni, na rungume shi. Aka yaga takardar. Goro kuwa ko ɓare ɗaya bai rage ba.

Muna fita na kira Umma, ina ba ta labari ina ƙyaƙyata. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wai har yau da saura?"

Na ce, "Lallaɓa shi na yi ta yi, Umma, babu irinsa a nan."

Ta ce, "Ai ni ba don bakinka na aika ba. Ji na yi ka ce ba ka da kowa a can, na ce bari yaron nan ya samu abin miƙa wa mutane."

Na tsaya a bakin titi. Na ce mata an ci, Hausawa sun ci, Bamale ya ci, har ɗan Japan ya ci.

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Sai yau saƙona ya isa."